Yarima da Gimbiya a bangon littafi: sarauta ce ko ado?

Mai Shago, Tsohuwar Kasuwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai, yau dai na ce sai na kawo shi gabanku. Na fi shekara ashirin ina sayar da littattafai a garin nan. Jiya bayan la'asar ina kakkaɓe ƙura a kanta, sai na tsaya ina bin sunayen littattafan labari ɗaya bayan ɗaya. Wanda duk na ɗaga, in ba Yarima ba Gimbiya, in ba Gimbiya ba Sarauniya ko jinin sarki wane. Da na koma gida na karɓi wayar ɗiyata na duba waɗanda take karantawa a WhatsApp, nan ma dai zancen ke nan, har ya fi na kanta yawa.

Na zauna na karanta babi uku na ɗaya daga ciki. Yariman nan ba ya zaman fada, ba ya sauraron ƙara, bai san sunan hakimi ko ɗaya na ƙasar ubansa ba. Aikinsa shiga mota, ɗaure fuska da wulaƙanta kuyangi, sai kuma yarinya 'yar talakawa da za ta zo ta sace masa zuciya. To mu da muke zaune a garin Sarkin Musulmi, muna ganin masu sarauta da idonmu safe da yamma, yaya aka yi 'ya'yanmu suke ɗaukar wannan a matsayin sarauta? Kuma me marubuci yake nema idan ya ɗora sarauta a bangon littafinsa?

'Yar Mabera:
Wa alaikumus salam Baba Alhaji. Ni ina cikin masu laifin, don na rubuta guda biyu masu irin wannan suna, kuma ba zan ɓoye ba. Amma ina roƙo a saurari uzurinmu kafin a yanke hukunci.

Na taɓa rubuta labarin wata mai saƙa a ƙauye, na ba shi suna mai ma'ana, na sha wahala a kansa wata huɗu. Waɗanda suka biya kuɗin shiga rukunin karatunsa ba su cika tafin hannu ba. Da na saki mai Yarima a suna, kafin in kai babi na biyar wayata ta cika da saƙonni. Mai karatu tana ganin suna ne kafin ta ga komai, a cikin ɗaruruwan da ake turowa kullum. Kuma Baba, matar da ta wuni tana fama da icce da ruwa da kukan yara, in dare ya yi ta ɗauki waya, ba ta son a sake ba ta labarin icce da ruwa. Tana son ta shiga gidan da ba a yanke wuta, inda wata kamarta za ta samu daraja. Ban ga aibun wannan ba. Tatsuniyoyin da kakanninmu suka yi mana ma ai cike suke da ɗan sarki da 'yar sarki.

Uwar Yara, Arkilla:
Gaskiya ƙanwata ta faɗi abin da ke zuciyata. Ni ma ina karantawa, kuma ba ya hana ni sallah ko girki. Abin da kawai ba na so shi ne yadda ake nuna wulaƙancin Yarima kamar wani ado ne, har yarinya ta taso tana ganin namijin da ba ya amsa gaisuwa shi ne babban mutum.

Dattijon Gidaɗawa:
Alhaji, ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ɗiyata ta Mabera, Allah shi yi miki albarka da kika faɗi gaskiya ba kwana-kwana.

Sa sarauta ga sunan littahi ba baƙon abu ba ne wurinmu, gadonmu ne. Abin da ya sake shi ne wa ake yi wa magana. Littattafan da munka tashi munka iske ga iyayenmu, in ka ga sarki ga sunan littahi, to sarkin ne ake ja wa kunne. Ba labarinshi ake ba talakawa don su yi sha'awa ba, a'a, shi ne aka zaunar ana karanta mishi abin da ke wuyanshi.

Ku ɗauki Shehu Magili. Ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta mishi Tajuddini fima yajibu alal Muluki. Ku dubi sunan da kyau: abin da ya wajaba bisa sarakuna. Ba abin da sarakuna sunka mallaka ba, abin da ake bin su. Babi takwas ne, kuma akwai magana guda da yake ta maimaitawa a cikinsu, cewa tushen kowace masifa shi ne sarki shi ɓoye ma talakawanshi. Wanga littahi ɗan ƙarami ne, ana iya karance shi tsakanin azahar da la'asar, amma malaman jihadi sun jingina da shi ƙwarai.

Sannan Malam Abdullahi na Gwandu. Lokacin da ranshi ya ɓaci da ganin yadda son duniya ya fara shiga cikin jama'a, ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas da niyyar hajji. Mutanen Kano sunka tsai da shi, sunka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake mulki bisa shari'a. Nan ya rubuta Liya'ul Hukkami, hasken mahukunta. Bayan nan ya yi Liya'us Sulɗani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ma ya rubuta wa Sarkin Bauci Yakubu wasiyya, da sunan Amir Yakubu a cikin sunan littahin, ya kuma rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina Usulus Siyasa. Kafin su duka akwai Sirajul Muluki na Ɗurɗushi da Ahkamus Sulɗaniyya na Mawardi, waɗanda malamanmu sunka karanta sunka ɗebo daga ciki.

Duk wanda ya karanta waɗanga, in ya ji an ce wane ya zama sarki, tausayinshi zai fara ji kafin murna. Shi ya sa in na ga Yarima bisa bango, na buɗe na iske babu talakka ko ɗaya da ke da haƙƙi a kanshi, sai in ji kamar an ɗauki rawani an naɗa wa turmi.

Ɗalibin Tarihi, Dundaye:
Allah ya gafarta Malam, ina neman izini in ƙara wani abu, in na yi kuskure a gyara mini. A Kitabul Farƙi, Mujaddadi Shehu Usmanu ya lissafa halayen mulkin sarakunan Hausa da yake suka, kuma har da sunayen sarautu irin su Galadima da Ubandawaki ya ambata a ciki. Abin da ya kawo a madadinsu muƙamai ne na aiki: waziri amintacce, alƙali, mai kula da tsaro, da mai karɓar haraji bisa adalci. Shi kansa an yi masa mubaya'a a Gudu a 1804 a matsayin Amirul Muminina, amma har yau da Shehu muke kiransa, sunan malanta. Bayan rasuwarsa a 1817, a hankali tsoffin sarautun suka dawo cikin daular, ga su nan muna da Galadiman Gari da Magajin Gari da Magajin Rafi.

Abin da nake so in ce shi ne, wannan jayayya tsakanin suna da aiki ba marubutan waya suka fara ta ba, ta girme mu duka. Kuma ita kalmar Yarima da ake ta yayi, daga Barno ta shigo mana, tare da Galadima da Ciroma. A nan Sakkwato ɗan gidan sarauta da sarautar da aka naɗa shi ake saninsa, Marafa ne, ko Sardauna, ko Bunu, ko Ɗangaladima, ko sarkin wani gari da aka ba shi riƙo.

Dattijon Gidaɗawa:
Ba ka yi kuskure ba ɗana, haka zancen yake. Sai dai ka riƙe wannan: sarautun sun dawo, amma an ɗaura ma kowace aiki. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ba ado ya yi da wazirci ba, shi ke tafiya tsakanin Sakkwato da sarakunan gabas, kuma shi ya rubuta Raulul Jinani kan rayuwar Shehu. Jikanshi na nesa, Waziri Junaidu, Allah shi jiƙan shi, ya riƙe wazirci daga 1948 har ya rasu a 1997, kuma ba a taɓa raba shi da alƙalami ba. Suna in da aiki a bayanshi ba abin ƙi ba ne.

Malamar Hausa, Runjin Sambo:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ta ɓangaren aji zan shigo, don shekaru na yi ina koyar da adabi a sakandare.

Ku tuna gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da littattafan ƙagaggun labarai na farko a boko. Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi, Jiki Magayi. A lokacin sarakuna na da ƙarfin da ba su da shi yau, kotu tasu, gidan yari nasu, haraji ta hannunsu yake bi. Duk da haka babu ɗaya cikin biyar ɗin nan da ya sa Sarki ko Yarima a suna. Wanda ya zo da laƙabi shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ma laƙabin ilimi ne. Magana Jari Ce kuwa daga farko har ƙarshe a fada ake, ga Sarki Abdurrahman, ga ɗansa Musa, ga mugun waziri, ga aku. Da Abubakar Imam ya so, da ya sa masa sunan sarkin. Sai ya ɗauki abin da littafin yake koyarwa ya sa a bango. A wasan kwaikwayo ne na san Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ɗan ƙasar nan ne kuma ya san abin da Marafa take nufi.

Abin da na lura da shi, lokacin da mutane suke rayuwa a ƙarƙashin sarauta kai tsaye, ba su mai da ita mafarki ba. Sai da ta yi nisa da rayuwar yau da kullum, aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e, aka yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sannan ta koma abin ƙawa a labari.

Kuma ƙanwata ta Mabera, ba sunan ne ya fi damuna ba, rashin sani ne. Na karanta wani inda aka naɗa Yarima sarki a ɗakin uwarsa, uban ya cire rawani ya ɗora masa, shi ke nan. Ina masu zaɓen sarki? A nan garin akwai Waziri, Magajin Gari, Magajin Rafi, Galadiman Gari, Sarkin Yaƙin Binji, Sarkin Kabin Yabo, Arɗon Shuni, Arɗon Dingyaɗi da sauransu. Wani kuma an sa bafade yana ce wa sarki "barka da safiya Yallaɓai". Wata an ba gimbiya kambin zinariya irin na finafinan Indiya. Yarinyar da ta karanta wannan za ta zo aji ta rubuta mini shi a jarrabawa.

'Yar Mabera:
Anti Malama, na karɓi wannan, kuma na ji kunya don na san na yi irinsa. Amma ina da tambaya, kuma ba rashin kunya ba ne. Wa ya koya mana? Ni a garin nan aka haife ni, na yi firamare da sakandare da kwalejin ilimi, ban taɓa jin sunan Tajuddini ba sai yau a bakin Baba. Littattafan da ya lissafa da Larabci suke, a hannun malamai. Na tarihi da Turanci suke, a jami'a, wasu ma kuɗinsu ya fi ƙarfina. Fada kuwa mace irina ba ta shiga ta zauna ta ga yadda ake zaman majalisa. Abin da ya rage mana shi ne finafinan Indiya da na Turkiyya da na Koriya, su ne suke zuwa har cikin ɗaki. In an ce mun kwaso fadar wasu mun liƙa wa Hausa, gaskiya ne. Amma tamu fadar an rufe mana ita da harsuna biyu da ƙofa.

Mai Shago, Tsohuwar Kasuwa:
Wallahi ɗiyata kin ɗaure ni da jijiyata. Ba ni da amsa, don ni mai sayarwa ne kuma na san abin da ke kanta. Tarihin Fulani na Waziri Junaidu da Hausa yake, amma rabon da in samu kwafinsa in ajiye na manta.

Kuma tunda ana gaskiya, bari in faɗi laifin manya. Akwai wasu littattafai masu sarauta a suna da suka fi na yaran nan ɓata mini rai, su ne na ƙaddamarwa. Mutum ya samu sarauta bana, baɗi an rubuta tarihinsa, sarautar da manyan haruffa, hotonsa da rawani ya cika bango. A tara jama'a a babban ɗaki, a yi alkawarin miliyoyi, a watse. Ciki kuwa rabinsa hotuna ne, rabi gaisuwar abokai. Wani marubuci ya taɓa kawo mini katan biyu na irin wannan, ya ce iyalan mai sarautar za su aiko a saya a raba wa makarantu. Na biya shi rabin kuɗi daga aljihuna. Shekara uku suna nan, ba wanda ya zo, har gara ta fara cin na ƙasa.

Ba wai duka haka suke ba. Littafin John Paden na 1986 a kan Ahmadu Bello, wanda ya sa Sardaunan Sakkwato a sunansa, har gobe ana nemansa a wurina duk da kaurinsa. Amma shi Sardauna ai shi ya yi wa sarautar suna. An naɗa shi a 1938, kafin shi Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ne ya riƙe ta, amma yau ko a Legas ka ce Sardauna an san wa kake nufi. Kuma da ya tashi rubuta tarihin kansa a 1962, bai sa sarautar a sunan littafin ba, rayuwata kawai ya ce.

Ɗalibin Tarihi, Dundaye:
Baba Alhaji, wannan ya tuna mini da wata matsala ta fassara da muka yi gardama a kanta a aji. Littafin Makiyabeli ɗan Italiya, wanda ya rubuta a 1513 aka buga a 1532 bayan mutuwarsa, sau da yawa za ka ji an ce da shi "Yarima" a Hausa. Wannan kuskure ne. Ba ɗan sarki mai jiran gado yake nufi ba, yana nufin wanda mulki ke hannunsa, musamman wanda ya ƙwace shi da ƙarfi ko dabara. Larabawa da suka fassara shi Al'amir suka ce, sun fi mu kusa. In da ni ne, Mai Mulki zan ce. Abin sha'awa kuma, tsakaninsa da littafin Magili bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba. Dukansu nasiha ce ga mai mulki, ɗaya yana koya masa yadda zai tsira gaban Allah, ɗaya yadda zai tsira da kujerarsa.

Haka labarin nan na Faransa na Aleksanda Duma a kan mai sarautar Monte Kiristo. Sarautar da ke sunan, wato Kaunt ta Turawa, ba mu da takwararta, in ka ce hakimi ka yi ƙarya, don ba shi da talakawa ko gunduma. Kuma a cikin labarin ma mutumin matuƙin jirgin ruwa ne da aka ɗaure bisa zalunci, ya fito ya samu dukiya, ya yafa sarautar kamar riga don ya ɗauki fansa. Marubucin ya san sarautar ta bogi ce, da gangan ya sa ta. Na Wole Soyinka na 1975 kuma, mai maganar mutuwa da mai dokin sarki, sarautar da ke sunan bashi ce: tsohuwar al'adar Oyo ta ce in Alafin, wato sarkin Oyo, ya mutu sai mai wannan muƙami ya bi shi lahira. Duk littafin a kan biyan wannan bashi yake.

Malamar Hausa, Runjin Sambo:
Tunda an shigo da na Turanci, akwai wanda ya daɗe yana tsaya mini a rai. Jean Boyd ta zauna a garin nan shekaru masu yawa, ta yi aiki da Waziri Junaidu, kuma babu mai musun hidimar da ta yi wa tarihin Nana Asma'u. Amma littafinta na 1989 ta sa masa The Caliph's Sister, wato 'yar'uwar Halifa. Ina girmama aikin, sunan ne ban gamsu da shi ba. Matar da ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis, wato jagororin mata, tana ba su malfa suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata, a ce sai an jingina ta da sarautar ɗan'uwanta kafin a san ta? Mu nan ba mu taɓa kiranta da haka ba. Nana Asma'u 'yar Shehu muke cewa, ko Uwar Gari. Matan da ke zuwa Hubbare ziyara daga ƙauyuka har yau ba don tana ƙanwar Sarkin Musulmi suke ambatonta ba.

Na fahimci cewa Turawan da aka rubuta wa littafin ba su san ta ba, sai an ba su igiyar da za su kama. To ashe ke nan ita ma dabarar kasuwa ce irin wadda ƙanwata ta Mabera ta faɗa, sai dai ita a bayan bangon akwai aikin shekaru.

Dattijon Gidaɗawa:
Malama, a nan kam ban bi ki duka ba. Zumuntar Nana da Muhammadu Bello ba jingina ba ce kawai, aiki sunka yi tare. Shi ya rubuta littahi kan mata salihai, ita ta mai da shi waƙa don mata su hardace. Da ya rasu a Wurno a 1837 ta yi mishi marsiyya. Kuma ko 'yar Shehu da kika ce, ai jinginawa ce ga uba. Mu ba mu ganin kiran mutum da danginshi a matsayin rage mishi daraja. Inda na yarda da ke shi ne, da an tambayi matan garin ga, ba wanga suna za su zaɓa ba.

Malamar Hausa, Runjin Sambo:
Na ji Baba, Allah ya ƙara girma. Amma 'yar Shehu jingina ce ga malanta, ɗayan kuwa ga mulki. A wurina akwai bambanci. Zan bar shi a nan.

Baƙonku daga Ƙonni:
Salamu alaikum mutanen Sakkwato, ku yi haƙuri da baƙo ya sa baki. Mu nan Nijar muna da littafi mai sarauta a suna wanda ya yi abin da ban ji kun ambata ba, wato ya tono sarautar da aka kusa mantawa. Abdoulaye Mamani ya fitar da Sarraounia a 1980, da Faransanci, amma sunan Hausa ne tsantsa, Sarauniya. Labarin sarauniyar Lugu ce, ta ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ta Bule da Shanuwan a 1899. Rundunar nan ita ce ta ƙone garinmu Birnin Ƙonni a wannan shekara, ta kashe mutane ba adadi, har yau tsofaffinmu suna ba da labarin. Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987.

Kafin littafin, in ka fita yankin ba kowa ya san da ita ba. Bayan shi sai ga sunan a makarantu da wuraren taro. Kuma Sarauniya a Lugu ba matar sarki ba ce, ba 'yar sarki ba ce, muƙami ne mai zaman kansa da ake gada, na addinin gargajiya na Azna. Sai dai in faɗa muku gaskiya, marubucin ya ƙara gishiri da yawa, masana tarihi sun yi ta magana a kai, kuma bai yi wa Sakkwato da daɗi ba a cikin labarin. Duk da haka ina ganin ƙanwarmu ta Mabera za ta ƙaru da shi. In Sarauniya ake so a bango, ga ta gaske nan kusa da ku, tafiyar yini ɗaya ba ta kai ba.

Ɗalibin Tarihi, Dundaye:
Ga kuma Inna ta Gobir, wadda ita ma sarauta ce ta mata mai ƙarfi tun zamanin Alkalawa. Masu bincike sun nuna cewa malfar da Nana Asma'u take ba jajis daga alamar Inna ta ɗauko ta, ta juya ma'anarta zuwa karantarwa. Ga Magajiya a Daura. Amina ta Zazzau ma, Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri.

Uwar Yara, Arkilla:
Ikon Allah. Ni Bagobira ce ta wajen uwa, kakata tana yawan ambaton Inna, ban taɓa kawo wa raina abin rubutawa ba ne. Ƙanwata, in kin rubuta wannan ni ce farkon mai biya. Amma don Allah kar ki cire soyayyar, a bar mana ita.

'Yar Mabera:
Anti, soyayya kam tana nan. Yanzu haka ina babi na tara na wani sabo, kuma da Yarima na sa masa suna, har na yi talla. Tun da Baba ya kawo maganar sarkin da ke ɓoye wa talakawansa nake ta juya ta. Jarumin nawa haka yake, ba ya fita, ba ya ganin kowa, ni kuma na rubuta hakan a matsayin kwarjini. Ina tunanin in mai da shi ɗan hakimin da aka tura riƙon wani gari a gabashin Sakkwato, irin garuruwan da 'yan bindiga suka addaba, mutane suna kwana a ƙofar gidansa suna jiran ya fito. Yarinyar kuma ta zama cikin waɗanda suka yi gudun hijira. Ban sani ba ko masu karatuna za su bi ni, wataƙila rabi su gudu. Kuma ban san yadda ake gaisuwa a zauren hakimi ba, ban san wa ke zama dama wa ke zama hagu ba, ban san abin da ake yi ranar naɗi ba. Wa zai nuna mini?

Dattijon Gidaɗawa:
Ɗiyata, wanga mai sauƙi ne. Uwargidana ta tashi gidan sarauta, ta san abin da ni ban sani ba na cikin gida, daga jakadiya har zuwa yadda ake shirya kayan naɗi. Ki zo da muharraminki ranar Asabar bayan la'asar ki zauna da ita. Na waje kuma ni in gaya miki, in karanta miki babi ɗaya na Tajuddini in fassara. Ki kuma leƙa gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, ki ga takardu da kayan sarauta da idonki. Ki zo da littahin rubutu, kar ki dogara ga waya.

Malamar Hausa, Runjin Sambo:
Baba, in an yarda ni ma zan biyo ta. In Allah ya sa aka fassara babi takwas ɗin nan zuwa Hausa mai sauƙi, ni zan buga su a kwamfuta in duba rubutun.

Mai Shago, Tsohuwar Kasuwa:
In kun gama ku kawo mini, zan kai wa mai ɗab'i da kuɗina, ko kwafi ɗari biyu ne a fara. Ɗiyata ta Mabera, sunan littafin naki fa? Yariman zai zauna ko zai tashi?

'Yar Mabera:
Ban yanke ba tukuna Baba. Waɗanda suka riga suka biya da wancan sunan suka biya, sai na shawarce su. Baba na Gidaɗawa, in an tura ɗan hakimi riƙon gari kafin a naɗa shi, da wane suna mutanen garin suke kiransa?

Dattijon Gidaɗawa:
Ya danganta da garin da kuma gidan da ya fito. Ki faɗa mini wane yanki kika sa labarin, ranar Asabar sai mu duba.